Bin Sawun Jan Jinjirin Wata, Daga Santambul Zuwa Ankara

Ɗan ƙanwata da ke karatun likita a Ankara shi ya taro ni a Santambul, muka shirya za mu ɗan zaga gari kafin mu kama hanyar makarantarsu. Masaukinmu yana Aksaray, unguwar da 'yan kasuwarmu masu saro abaya da takalma da labule suka fi sauka. A wani ɗan gidan abinci da ke bakin layin, bayan mun ci mun ƙoshi, sai mai gidan ya dire mana ƙananan kwalabe koraye guda biyu. Ruwa ne mai gas, da ɗan gishiri-gishiri kamar an jiƙa kanwa a ciki, Turkawa suna shan sa bayan abinci don ciki ya faɗa. A jikin kwalbar akwai jan jinjirin wata, an rubuta Kizilay.

"Kawu, ribar ruwan nan ta ƙungiyar agajin ƙasar ce," in ji yaron. "Su ke da masana'antar."

Na juya kwalbar ina dubawa. A gida na saba ganin ƙungiyar agaji tana jiran abin da gwamnati ko wani attajiri ko Turawa za su yafito mata, ban taɓa kawo wa raina wadda ke sayar wa mutanen ƙasarta ruwan sha a kowane kanti ba. Na ce masa duk inda ya san akwai sawun ƙungiyar nan, a Santambul ko a Ankara, ya kai ni in gani.

Washegari muka shiga jirgin fito daga Eminonu zuwa Kadikoy, wato daga ɓangaren Turai na birnin zuwa ɓangaren Asiya. Mai shayi yana kewayawa da tire, tsuntsayen teku suna bin jirgin saboda gutsuren burodi mai riɗi da yara ke jefa musu. Kafin a isa, ta hannun hagu, ga wani ƙaton gini mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da hasumiyarta. Barikin Selimiye ke nan. Har yau sojoji ne a ciki, ba a shiga sai an nemi izini tun kafin ranar, don haka daga kan ruwa muka kalle shi. A Yaƙin Kirimiya, wanda aka yi daga 1853 zuwa 1856, Ingila da Faransa sun mara wa Turkawa baya a kan Rasha, aka mai da barikin nan asibitin sojojin Ingila. Nan Florence Nightingale ta sauka a watan Nuwamba na 1854 da mata 38 masu jinya, ta tarar da sojoji kwance a barandu cikin ƙazanta, kwalara da taifot da atini suna kashe su fiye da harsashi. Likitocin Santambul na wancan zamani da idonsu suka ga wannan. Sun ga cewa sojan da aka ɗauko da rai daga fagen fama yana iya mutuwa don rashin tsabtataccen zane da mai ba shi ruwa.

Bayan 'yan shekaru, a watan Yuni na 1859, wani ɗan kasuwa daga Jeniba mai suna Henry Dunant ya faɗa kan ɓarnar yaƙin Solferino a arewacin Italiya, inda aka bar dubban masu rauni a fili babu mai kula da su. Abin da ya rubuta a kai shi ya haifar da kwamitin Red Cross a 1863, da yarjejeniyar Jeniba ta 1864, wadda ta ce mai rauni da mai jinyarsa ba abokan gabar kowa ba ne, a kuma yi musu alama da jan kuros a kan farin ƙyalle. Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi ba tamu ta Shehu ba, ta sa hannu a 1865.

Ranar 11 ga Yuni, 1868, aka kafa a Santambul wata ƙungiya ta taimakon sojojin da suka ji rauni ko suka kwanta ciwo. Ita ce kakar Kizilay ta yau, kuma daga wannan rana Turkawa ke lissafin shekarunta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da suka kafa ta. Shugabanta na farko, Marko Pasha, Bagirke ne Kirista, babban likita a fadar Sarki Abdul'aziz, mutum mai haƙurin sauraren koke har sunansa ya shiga bakin Turkawa: in mutum ya dame su da ƙorafin da ba su da maganinsa, sai su ce ya je ya gaya wa Marko Pasha. Wanda ya fi kowa ɗaukar wahalar kafa ta, Dakta Abdullahi Bey, haifaffen Biyana ne a Ostiriya, sunansa na yanka Karl Hammerschmidt. Ya shiga juyin juya halin 1848, da abin ya watse ya gudo ƙasar Turkawa, ya musulunta, ya zama malami a makarantar likitanci, shi kuma ya wakilci daular a taron ƙungiyoyin agaji da aka yi a Faris a 1867. Akwai Umar Pasha, babban kwamandan askarawa, wanda aka haifa Kirista ɗan ƙabilar Sabiya kafin ya musulunta. Akwai Dakta Aziz Bey, da ake wa laƙabi da Bakirime, wanda ya yi ta fafutukar a daina koyar da likitanci da Faransanci a koma Turkanci. Mahaifiyar sarki, Pertevniyal, ita ta ba su inuwa. Masallacinta mai ado yana nan tsaye a mahaɗar Aksaray, muna wuce shi kullum in za mu masauki. Ɗan gudun hijira da Kirista da tubabbe da gimbiya suka haɗu a kan magana guda, cewa kada a bar mai rauni ya mutu a yashe. Duk wanda ke ganin jinjirin watan nan tutar addini ce aka ɗaga don a kishiyanci wani addini, ya kamata ya fara sanin waɗannan sunaye.

Ba ta yi ƙarko ba da farko. Manyan soja ba su so farar hula su sa musu hannu a harka, kuma da Abdullahi Bey ya rasu a 1874 sai ƙungiyar ta yi kwanciyar magirbi. Yaƙi ne ya tashe ta. A ƙarshen 1876, ana fafatawa a Balkan, ga Rasha tana shirin shigowa, gwamnatin Santambul ta aika wa Suwizalan takarda cewa za ta ci gaba da mutunta jan kuros a asibitocin abokan gaba, amma nata asibitocin jan jinjirin wata za su ɗauka, domin kuros yana sosa ran sojanta Musulmi. Turkawa suna danganta wannan shawara da Aziz Bey. Yadda jan kuros yake tutar Suwizalan da aka juya launinta, haka jan jinjirin wata yake tutar Usmaniyya da aka juya. A watan Afrilu na 1877 ƙungiyar ta sake tsayuwa da sunan Hilali Ahmar, wato jan jinjirin wata. Da farko lamuni aka yi wa alamar na tsawon yaƙin kawai. Sai a 1929 aka shigar da ita cikin yarjejeniyar Jeniba. Yau daga Maroko har Malesiya ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Musulmi da yawa ita suke ɗauka, kuma a nan ta samo asali.

Da yamma muka shiga Ayasofiya. Masu yawon buɗe ido kowa kansa a sama yana kallon ƙubba, ni kuwa ƙasa nake kallo. A hunturun 1878, bayan garin Filebna ya faɗi hannun Rasha, dubban Musulmin Balkan da suka tsero a ƙafa da keken shanu sun kwana a kan wannan daɓe, cuta tana ɗibarsu. A 1912 aka sake shimfiɗa masu kwalara a manyan masallatan birnin, har da wannan. Tsakanin shekarun biyu ƙungiyar ta yi ta tashi tana kwanciya: in yaƙi ya zo a tara kuɗi a buɗe asibiti, in ya wuce a rufe littafi kowa ya kama gabansa. Sai a 1911 aka yi mata tsarin mulki da rassa da ma'aikata na dindindin, kuma Allah ya sa an yi a kan gaɓa, domin daga wannan shekara har 1922 Turkawa ba su ajiye bindiga ba. Italiya ta faɗa wa Tarabulus a 1911, garin da ayarin fataken Kano suka daɗe suna kai wa fata da gashin jimina, Hilali Ahmar ta tura likitoci can cikin hamada. Yaƙin Balkan ya biyo baya, har Musulmin Indiya suka tara gudummawa suka aiko tawagar likitoci ƙarƙashin Dakta Mukhtar Ahmad Ansari. Sannan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A wannan tsakani ne mata suka shigo. An buɗe reshensu a 1912, wani likitan haihuwa mai suna Besim Omer Pasha ya dage sai an koya wa matan Musulmi aikin jinya, a lokacin da mutane da yawa ke ganin abin kunya ne 'yar mutunci ta tsaya a kan namijin da ba muharraminta ba. Cikin waɗanda suka amsa kira akwai Safiye Huseyin, wadda ta yi jinya a jirgin ruwan asibiti da ke kwaso masu rauni daga fagen yaƙin Canakkale a 1915. Wasu matan ɗinki suka kama, suna yi wa sojoji riguna da bandeji, gwauraye da marayu 'yan hijira suna samun abin sawa a baka daga aikin. Ƙungiyar ta buɗe gidajen dafa abinci a unguwannin Santambul lokacin da yunwa ta kama birnin. Ta kuma kafa ofishin fursunonin yaƙi, inda ake rubuta sunan kowane kamamme a kati, na Turkawa da ke hannun Ingila da Rasha da na Turawan da ke hannun Turkawa, ana kai wasiƙa tsakanin uwa da ɗanta ta ƙetaren layin wuta. Katunan suna nan a ma'ajiyar tarihin ƙungiyar a Ankara. Makarantar koyon jinya da ta buɗe a 1925 kuwa a Aksaray ɗin da muka sauka aka kafa ta.

Akwai wani labari da na so in tsaya a inda ya faru, shi ya sa muka gangara tashar jiragen ruwa ta Karakoy. A 1941 Jamus ta mamaye Girka, Ingila ta toshe teku, yunwa ta shiga Atina har ana tsintar gawa a titi da safe. Shekara ashirin ba ta cika ba da Girkawa da Turkawa suka gama zubar da jinin juna a Anadolu, aka kuma yi musayar jama'a a 1923, Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka koma Girka, Musulmi wajen dubu 400 suka dawo Turkiyya. Shugaban Turkiyya a 1941, Ismet Inonu, shi da kansa ya jagoranci soja a kan Girkawa. Duk da haka a watan Oktoba na 1941 wani tsohon jirgin dakon kaya mai suna Kurtulush ya tashi daga wannan tasha, an zana masa manyan jajayen jinjirin wata a gefe don kada a harbe shi, cike da abinci. Girkawan Amurka sun zuba kuɗi mai yawa a aikin, Kizilay ta tattara kayan ta yi rakiya. Sau huɗu yana kai kaya tashar Firiyas ta Girka, sama da tan 6,000, a tafiya ta biyar guguwa ta maka shi da dutse kusa da tsibirin Marmara a farkon 1942, ya nitse, ma'aikatansa suka tsira. Wani jirgin ya ɗora daga inda ya tsaya. Abincin bai kai ya kashe yunwar ƙasa guda ba, amma Turkiyya kanta a lokacin da kati ake sayen burodi. Mai ƙoshi ya ba maƙwabci ba abin mamaki ba ne. Waɗannan da yunwarsu suka ba wanda jiya ya ƙone musu gari.

Jirgin ƙasa mai gudu muka hau zuwa Ankara, tafiyar awa huɗu da wani abu. Bayan an fita daga Santambul layin yana bin gaɓar wani siririn teku, ga matatar mai, ga masana'antu, ga gidaje masu hawa biyar da shida sun hau tudu. Da muka tsaya a Izmit, wani dattijo da ke kujerar gefenmu, wanda tun ɗazu yake jin yaron yana fassara mini abubuwa, ya nuna tsallaken ruwan da yatsa ya ce Golcuk ke nan. Ya ce a can yake da iyalinsa daren 17 ga Agusta, 1999.

Ƙarfe uku na dare da 'yan mintuna ƙasa ta girgiza, ba ta yi minti guda ba, mutum sama da 17,000 suka mutu bisa lissafin gwamnati. Dattijon bai yi dogon bayani a kan daren ba. Tanti ya tsaya a kai. Ya kwatanta shi da hannu: mai tsini, sanda guda a tsakiya, babu shimfiɗa a ƙasa, yadin ya tsufa a sito. Da ruwan sama ya sauko bayan 'yan kwanaki, sai ya bi ta sama ya bi ta ƙasa, yara suna kwance a taɓo. Ya ce tun yana firamare ake ba su ambulan su kai gida, mahaifiyarsa ta sa 'yan sulalla a mayar wa malami don Kizilay, kowace shekara kuma a yi makon Kizilay daga 29 ga Oktoba, a yi ta koya musu cewa ita ce mai zuwa ranar baƙin ciki. Ranar ta zo, abin da ya samu ke nan. Yaron yana fassarawa yana sassauta murya, don dattijon idonsa ya kawo ruwa.

Abin da ya faɗa ba nasa ba ne shi kaɗai. Jaridun Turkiyya sun yi wa ƙungiyar ca a wancan lokaci, aka shiga sitocinta da kyamara aka nuna ruɓaɓɓun kaya, mutane suka koma yabon wata ƙaramar ƙungiyar 'yan sa-kai masu hawan dutse, AKUT, wadda ta yi ta zaƙulo mutane daga ƙarƙashin gini. Shugaban Kizilay da ya daɗe a kan kujera, Kemal Demir, ya sauka. Ba a gama share hawaye ba wata girgizar ta sake afka wa Duzce a watan Nuwamba. Daga wannan kunya aka sake gina ƙungiyar: sababbin tantuna masu ɗaki da shimfiɗa, sitoci a shiyya-shiyya maimakon a jibge komai wuri guda, motocin girki da na gasa burodi, horar da ma'aikata. Dattijon ya sauka a Eskishehir, ya dafa kafaɗar yaron ya yi masa addu'ar gama karatu lafiya.

A Ankara ba sai ka nemi Kizilay ba. Tsakiyar birnin kanta sunanta ke nan. Layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa a nan suke haɗuwa, motocin haya nan suke juyawa, ɗalibai nan suke ba juna alƙawari. Bayan yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yuli, 2016, gwamnati ta ƙara wa dandalin dogon suna, amma direba da fasinja Kizilay kawai suke cewa. Asalin abin, da aka kafa jamhuriya a 1923 aka mai da Ankara babban birni, ƙungiyar ta taso daga Santambul a 1925, ta gina hedikwata mai hawa uku a nan a 1929, da lambu a gabanta da jan wata a samanta, lokacin wurin duk fili ne. A 1935 aka sauya mata suna daga Hilali Ahmar zuwa Kizilay, cikin yunƙurin Mustafa Kamal Ataturk na raba Turkanci da kalmomin Larabci. Shi ne kuma a 1926 ya damƙa mata maɓuɓɓugar ruwan Afyonkarahisar don ta riƙa samun kuɗin shiga, ruwan da muka sha a Aksaray. An rushe tsohon ginin a 1979. Abin da ke wurin yanzu katafaren kantin zamani ne mai hawa-hawa, da shagunan tufafi da na waya. Na tsaya a gabansa na daɗe. Na fahimci lissafin, fili a tsakiyar babban birni dukiya ce, hayarsa za ta sayi barguna da yawa. Amma raina bai so ba, kuma daga baya na gane dalili.

A gefen dandalin, kusa da lambun Guvenpark, wata farar bas tana tsaye da jan wata a jikinta, an kafa 'yar rumfa da tebur a ƙofarta. Motar karɓar jini ce. Muka leƙa. Gadaje ne a jere a inda kujeru suke a da, wani saurayi da jakar makaranta a cinya yana matsa ƙwallon roba a tafin hannu, ledar tana cika a kan wani ɗan sikeli mai lilo, nas tana liƙa lamba a jikin kwalaben gwaji. Wanda ya gama ana miƙa masa biskit da kwalbar ruwan nan, a ce ya zauna minti goma kafin ya tashi. Babu wanda ya san wa za a ƙara wa jininsa, babu wanda aka biya. Yaron ya ce mini wanda ya fito daga ƙasar zazzaɓin cizon sauro ba a karɓar nasa nan take, don haka kallo kawai muka yi. Kizilay ta buɗe cibiyoyin jininta na farko a Ankara da Santambul a 1957, daga 2005 kuma aka ɗora mata nauyin tara jinin ƙasar baki ɗaya. Yanzu tana tara leda sama da miliyan 2 a shekara, mafi yawan abin da asibitocin Turkiyya ke ƙara wa marasa lafiya daga hannunta yake fitowa. Na tuna yadda a wurinmu mai naƙuda take zubar da jini, miji yana waya yana neman ɗan'uwa mai irin jininta ko wanda zai sayar a bakin ƙofar asibiti. A ganina cikin duk ayyukan ƙungiyar nan babu wanda ya kai wannan, ko da yake shi ne ba ya shiga labarai.

Sauran girmanta sananne ne. Ita ta kai tantuna Erzincan a Disambar 1939, inda girgizar ƙasa ta kashe kusan mutum 33,000 cikin tsananin sanyi. Ta karɓi Turkawan Bulgeriya a 1989 da Kurdawan Iraƙi a 1991. Bayan gyaran da aka yi mata ta fara fita waje da ƙarfi: Aceh bayan igiyar teku ta 2004, Pakistan a 2005, Magadishu a yunwar 2011, sansanonin Rohingya a Bangaladash, Gaza, da naman layya da take rabawa a ƙasashen Afirka. Da yaƙin Siriya ya koro mutum sama da miliyan 3 da rabi zuwa Turkiyya, sai aka fito da wata dabara a 2016 da kuɗin Tarayyar Turai: maimakon ɗan gudun hijira ya bi layin buhun shinkafa, a ba shi katin banki mai jan wata, duk wata a zuba masa kuɗi, ya je na'ura ya cira ya biya haya ko ya sayi abin da gidansa ke bukata. Mutum sama da miliyan ɗaya da rabi sun ci moriyarsa. Wanda ya taɓa tsayawa a layin rabo a sansanin 'yan gudun hijira, rana tana dukansa ana ɗaukarsa hoto, ya san abin da katin nan ya tsare masa na mutunci.

Da girma ya zo, kasuwanci ma ya girma. Aka tattara masana'antar ruwa da ta ɗinkin tanti da ta gidajen kwantena da harkar sufuri aka mai da su kamfanoni ƙarƙashin uwa guda, kowanne da manajansa da littafin cinikinsa. Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, da asuba, ƙasa ta girgiza a Kahramanmarash, bayan awa tara ta sake, larduna 11 suka rushe, mutum sama da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da na Siriya. Ana cikin dusar ƙanƙara, mutane suna kwana a mota da gefen wuta suna roƙon tanti. Bayan kusan mako uku wani ɗan jarida, Murat Agirel na jaridar Cumhuriyet, ya fallasa cewa a kwanakin farko na bala'in kamfanin tantin Kizilay ya sayar wa wata ƙungiyar agaji mai zaman kanta, Ahbap, ta mawaƙi Haluk Levent, tantuna 2,050 a kan lira miliyan 46. Shugaban Kizilay, Kerem Kinik, ya ce a kan kuɗin da aka kashe wajen yin su aka bayar, babu riba, kuma tantunan ai ga waɗanda abin ya shafa suka tafi. A tsarin gwamnati ma, ciyarwa ce aikin Kizilay a lokacin bala'i, matsuguni na hukumar agajin gaggawa ta AFAD ne. Duk wannan bai shiga kunnen kowa ba. Shugaba Erdogan da kansa ya ce abin ya ɓata masa rai, Kinik ya ajiye aiki ranar 12 ga Mayu, saura kwana biyu zaɓe.

Ni ma bai shiga kunnena ba. Ruwan kwalba haja ce, a sayar a kowace rana ta Allah, kuma Ataturk ya yi tunani mai kyau da ya ba ƙungiyar abin da za ta tsaya da ƙafarta. Amma tantin da ke sito a daren da mutane ke daskarewa ba haja ba ne, ko da takarda ta ce na kamfani ne. Mahaifiyar dattijon jirgin nan da ta sa sulalla a ambulan ba ta san wani kamfani ba, jan wata ta sani. Abin da ya dame ni a gaban kantin dandalin ke nan: wanda ya saba lissafin haya da ciniki kullum, wata rana zai kawo wannan lissafi inda ba wurinsa ba, kuma ba zai ji ya yi laifi ba. Akwai kuma kusancin shugabannin ƙungiyar da masu mulki, wanda 'yan adawa suka daɗe suna kuka da shi. Ƙungiyar da ke neman jinin kowa ba ta da halin a ce ta wani ɓangare ce.

Na yi ta tunanin 'yan agajinmu masu kaki, waɗanda ke tsare sahu a filin Idi da wurin tafsiri da sansanin alhazai, da matasan Red Cross ta Nijeriya, wadda dokar majalisa ta kafa a 1960, masu ɗaukar gawa da mai rauni a hatsarin mota da ambaliya. Hannu da zuciya ba mu rasa su ba. Abin da babu shi ne waƙafi mai kawo kuɗi ko ba a roƙa ba, da sito, da littafin da kowa zai iya buɗawa ya ga abin da ya shigo da inda ya tafi. Turkawa sun samu na farko da na biyu tun tuni, a kan na ukun ne suka yi tuntuɓe har sau biyu, kuma duka biyun a kan tanti.

Waɗanda suka ɗanɗana kuɗar abin da shugabanni suka yi su ne ƙananan ma'aikata da 'yan sa-kai. Wata abokiyar karatun yaron, wadda ta yi makonni tana raba miyar adas da burodi a Hatay bayan girgizar ƙasar 2023, ta zo ta gaishe ni a wani gidan shayi da ke bayan dandalin. Ta ce suna tashi tun kafin asuba su ɗora tukwane, hannunsu ya tsage don sanyi, amma da labarin tantin ya fito sai da ta riƙa cire rigar mai jan wata kafin ta shiga motar haya. A watan Afrilu na shekarar jinin da ke ma'ajiya ya yi ƙasa sosai, ga azumi ga fushin jama'a, har ƙungiyar ta fito tana roƙo, likitoci suna tuna wa mutane cewa mai cutar sankarar jini da ke jiran leda ba shi ya sayar da tanti ba. A watan Yuli na 2023 aka zaɓi Farfesa Fatma Meric Yilmaz, likita, mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar tun 1868. Na tambayi yarinyar ko ta mayar da rigar. Ta ce ta mayar, ranar Asabar ma tana da aiki a motar jini ta unguwarsu, amma mahaifinta har yanzu in zai ba da zakkarsa sai ya kai da hannunsa.